Tarihin Babban Gwani Muhammadu Durugu, Maginin Masallacin Zazzau

 

Ya 'yan'uwa malamai da almajirai, da ku attajirai da fatake masu karanta wannan shafi, yau za mu kawo muku tarihin wani mutum wanda bai hau gadon sarauta ba, bai ja rundunar yaƙi ba, bai kuma bar wa almajirai littafi ba, amma ga shi fiye da shekara 150 bayan rasuwarsa ba a daina ambatonsa a ƙasar Hausa ba. Shi ne Muhammadu Durugu, wanda kuma ake kira Malam Mika'ilu, aka fi saninsa da laƙabin Babban Gwani. Sana'arsa gini da yaɓe. Shi ya gina masallacin Juma'a na birnin Zariya, kuma duk wanda ya san gini, baƙi da Bature, ya yarda cewa a cikin gine-ginen ƙasa na wannan yanki ba a ga wanda ya fi shi ba. Nufinmu da wannan tarihi shi ne a san mutumin, a kuma san ilmin da ya riƙe aikinsa a tsaye, domin ilmin nan yana ƙarewa a gaban idonmu.

Fasali na 1: Zamaninsa da laƙabinsa

Ku sani Babban Gwani ya tashi ne a zamanin da aka kafa daular Sakkwato. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya yi masa rahama, ya yi hijira zuwa Gudu a shekarar 1804, watau 1218 ta Hijira. A shekarar 1808 Malam Musa ya shiga Zariya da tutar Shehu, Sarkin Zazzau Makau ya fita ya nufi kudu wajen Zuba. Malam Musa ya yi sarauta har 1821, sa'an nan Yamusa na gidan Barebari ya gaje shi har 1834, sa'an nan Abdulkarimu na gidan Katsinawa ya hau, ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846. A zamanin wannan sarki na uku ne aka gina masallacin da muke zance.

Su waɗannan sarakuna malamai ne tun kafin su zama sarakuna. Saboda haka abin da suka fi bukata a biranensu shi ne masallacin da zai ɗauki jama'ar gari ran Juma'a, da ɗakin shari'a inda alƙali zai zauna, da sorayen fada inda za a karɓi baƙi da manzanni. Wannan ya sa magina suka sami daraja a wannan zamani, sarakuna suna nemansu daga gari zuwa gari kamar yadda ake neman malamin da ya ƙware a wani fanni.

Amma laƙabinsa, masu karatun allo ba su bukatar a fassara musu shi. Mun san yaro yakan fara da kolo, ya zama titibiri, ya zama gardi, in Allah ya buɗa masa ya haddace ya rubuta a ce alaramma, sa'an nan ƙalilan daga cikin alarammomi su ke kaiwa ga a ce musu gwani, watau wanda ba ya tuntuɓe a harafi ko wasali. To, haka tsanin magina yake. Yaro yakan fara da ɗebo ruwa da taka ƙasa, ya koma curin tubali, ya koma jefa wa ubangidansa tubali a kan bango, sai bayan shekaru a bar shi ya ja bango da kansa. Ba kowane mai jan bango ke iya rufa soro ba, ba kuma kowane mai rufa soro ake ce wa gwani ba. Gwani shi ne wanda ke ganin ginin duka a zuciyarsa tun ba a haƙa harsashi ba, ba takarda ba zane, kamar yadda mahaddaci ke ganin shafi ba tare da ya buɗe shi ba. Wanda aka ce wa Babban Gwani kuwa, ai sunan ya isa bayani.

Fasali na 2: Kayan aikin da ya tarar

Ba za a gane girman aikinsa ba sai an san ƙanƙantar abin da ke hannunsa. Ba shi da ƙarfe, ba shi da siminti, ba shi da dutse sassaƙaƙƙe. Abu uku ne jarinsa: jar ƙasa, da itacen giginya, da igiya.

Ita ƙasa ana haƙo ta daga kududdufi, a jiƙa ta, a zuba mata ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana, a sake jiƙawa a sake takawa, har ta yi danƙo. Sa'an nan a cura ta da hannu a yi tubali, gindinsa da faɗi, kansa da tsini, a shanya a rana ya bushe. In an zo gini sai a jera tubalan a tsaye, tsini yana sama, a cike tsakaninsu da ɗanyar ƙasa. Bangon yakan yi kauri a gindi, ya riƙa sirancewa yana hawa, domin nauyinsa ya zauna a kan ƙafarsa. Duk wannan aikin rani ne, kuma ba a ɗora sabon sahu sai na ƙasa ya sha iska.

Ita giginya kuwa, namijinta ake sarewa a tsattsaga, a fitar da sandunan da ake kira azara. Falalar azara ita ce gara ba ta cinta da sauƙi, kuma tana daɗewa ba ta ruɓe ba. Aibinta shi ne in an shimfiɗa ta an ɗora mata nauyin ƙasa, ba ta ƙetare fiye da kamar ƙafa 6 ba tare da ta lanƙwashe ba. To, ga tambaya: yaya za a rufa ɗakin da zai ɗauki sahu-sahu na masallata da sandar da ba ta wuce tsawon mutum ba?

Magina na ƙasar Hausa sun warware wannan da abin da suke kira bakan gizo. Sai a dasa azara a cikin bango ta wannan gefe da ta wancan, a karkata su ciki kaɗan, a ɗaure da igiya, a lulluɓe da ƙasa, a bari ta bushe. Sa'an nan a ɗaura wasu azarun a kan na farko, su ƙara leƙowa ciki, a sake lulluɓewa. Haka za a yi ta yi, gaɓa bayan gaɓa, har hannu biyun nan su haɗu a sama su zama baka guda. In an gicciya irin waɗannan bakuna suka haɗu a tsakiyar ɗaki, shi ne ɗaurin guga, domin ya yi kama da yadda ake gicciya sanduna a bakin gugar rijiya. Ramukan da suka rage tsakanin bakunan sai a jera musu gajerun azaru, a shimfiɗa zana, a zuba ƙasa, rufin ya tashi ya yi tulluwa. Babban Gwani ya tarar da wannan dabara a hannun magabata, amma shi ne ya kai ta inda ba a taɓa kai ta ba.

Fasali na 3: Masallacin Juma'a na Zariya

Masallacin yana cikin birni, kusa da gidan sarki. Yadda Babban Gwani ya tsara shi, akwai babban ɗakin salla a tsakiya, akwai ɗakin shari'a, akwai katanga da ta kewaye filin, akwai kuma zaurukan shiga inda masallata ke alwala kafin su isa ciki. Mutum yana fitowa daga hayaniyar gari, ya shiga zaure ya yi tsarki, ya ratsa fili, sa'an nan ya shiga inuwar ɗakin salla. Wanda ya tsara wannan ya san hukuncin salla kamar yadda ya san hukuncin ƙasa.

A da, daga waje ginin ba shi da wani ado, bango ne mai kauri da rufi mai tulluwa 6. Abin mamakin yana ciki. Manyan ginshiƙai ne suka tashi daga ƙasa, daga kowanne bakuna suka fito suka bazu kamar rassan itace, suka sadu da 'yan'uwansu da suka taso daga wani ginshiƙin ko daga bango. Wasu bakunan sun tashi tun daga kusa da ƙasa, wasu daga sama, saboda haka duk inda mutum ya tsaya ya ɗaga kai sai ya ga baka a bayan baka. Nauyin rufin duka, wanda ƙasa ce zalla mai kauri, yana gangarowa ta cikin bakunan nan zuwa ginshiƙai, daga ginshiƙai zuwa harsashi. Kuskuren taƙi ɗaya a wajen karkata azara ya isa ya sa rufi ya rufta a damina ta farko. Wannan rufi kuwa ya ga damina fiye da 100 yana tsaye a sarari, a garin da ruwansa ya fi na Kano da Katsina yawa.

Mutanen Zazzau suna ba da labari cewa da dare yake aiki. Da rana ma'aikata su tara masa ƙasa da tubali da azara su watse, da safe su dawo su tarar gini ya ƙaru. Daga nan ne wasu suka riƙa cewa da aljanu yake aiki. Mai hankali ba ya bukatar ya kai zancen can. Kowane mai sana'a yana da sirrin da ba ya son a gani sai ɗansa, kuma duk wanda ya taɓa yaɓe ya san ƙasar da aka shafa da tsakar rana takan bushe da gaggawa ta tsattsage, wadda aka shafa da sanyi kuwa takan kama a hankali ta yi ƙarfi. Abin da labarin ke nunawa shi ne mutanen zamaninsa sun ga aikin da ya fi ƙarfin abin da suka saba gani.

Fasali na 4: Yaɓe da zane

A nan ne ya kamata mu daɗe, domin nan ne ran ginin ƙasa yake. Bango jiki ne, yaɓe kuwa rigarsa. Maƙiyin ginin ƙasa ruwa ne, ta sama da ta gefe da ta gindi. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to, kafin ƙadangare ruwa ne ke fara shiga. Saboda haka magina irin su Babban Gwani suna da magunguna iri-iri, kowane wuri da nasa.

Na farko makuba. Ana samunta daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, bayan an cire garin da ƙwayar da ake yin daddawa. A jiƙa ɓawon a ruwa har ruwan ya rine ya yi ja-ja, sa'an nan a kwaɓa jar ƙasa da shi a shafe bango. In ta bushe sai fuskar bangon ta yi tauri, ruwan sama ya riƙa zamewa a kanta. A da ita ce rigar yawancin gidajen birni, kuma da ruwanta mata ke yayyafa wa daɓen ɗaki in suna bugunsa. Sharaɗinta shi ne a sabunta ta bayan 'yan shekaru kaɗan.

Na biyu yaɓen baƙar ƙasa da tsakuwa. A shafa ƙasar, tun tana ɗanya a manna mata ƙananan tsakuwa a daddanna, sa'an nan a riƙa jiƙa ta da ruwan bagaruwa, irin wadda majema ke jima da ita. Wannan ya fi makuba wahala da tsada, ya kuma fi ta ƙarko, shi ya sa ake yinsa a bangon da ruwa ya fi duka.

Na uku laso, wanda shi ne simintin kakanninmu. Abu uku ake haɗawa. Akwai katsi, watau abin da ke kwantawa a gindin rijiyar marina bayan an gama rini da baba, a kwashe shi a shanya a ƙona a daka. Akwai gashin awaki da majema ke karcewa daga fata. Akwai kuma dafara, wata tsiro mai yaɗo wadda ake daka saiwarta a jiƙa ta ba da ruwa mai yauƙi. Katsi shi ne jiki, gashi shi ke hana tsagewa, dafara ita ke ɗaurewa. Da laso ake shafe rufin soro, da rawaninsa, da zankwaye, da bakin indararo, watau duk inda ruwa ke sauka ko yake bi. Da shi kuma marina ke shafe cikin rijiyoyinsu don kada ruwan baba ya tsiyaye. Ku duba, ya ku 'yan kasuwa, yadda sana'o'i suke riƙe da juna: sharar marini da sharar majemi su ne maganin magini. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Bayan kariya sai ado. Shi zanen bango irin na da, tun ƙasa tana ɗanya ake yinsa. Magini ya ɗora yaɓe mai kauri, ya ja layi da yatsa, ya ƙwaƙule nan ya tayar da can, ya shafe gefen da tafin hannu, in ya bushe a shafa farar ƙasa. Ba a goge kuskure a irin wannan aiki, sai dai a kankare a sake, kuma ƙasa ba ta jiran mai shawara.

A masallacin Zariya Babban Gwani ya yi zanensa a jikin ginshiƙai da bakuna. Zane ne mai zurfi mai girma, layuka miƙaƙƙu masu hawa sama, da masu kusurwa uku, da kewayayyu, ba siffar mutum ba ta dabba, kamar yadda ya dace da ɗakin Allah. Bai cika wurin da tarkace ba. Zanen yana bin hanyar da nauyin gini ke bi, har mai kallo ya kasa raba inda ƙarfi ya ƙare da inda ado ya fara. Da yake hasken da ke shiga kaɗan ne, zurfin zanen shi ke kama shi ya jefa inuwa, saboda haka fuskar ginshiƙi da hantsi dabam take da fuskarsa da la'asar. Wanda ya saba ganin zayyanar allon sauka, ko adon da marubuta ke sawa a kan hizifi da sumuni, ko aikin allura a wuyan babbar riga, in ya shiga a wancan zamani yakan ga dangin abin da ya sani, sai dai an rubuta shi da ƙasa.

Fasali na 5: Sauran ayyukansa da ƙarshensa

Da sunansa ya bazu sai manyan wasu ƙasashe suka riƙa aikowa a kai musu shi. Daga cikin abin da ake jingina masa akwai gidan Madakin Bauchi a garin Kafin Madaki, wanda aka gina wajen shekarar 1860, a zamanin Sarkin Bauchi Ibrahimu ɗan Yakubu. A shekarar 1956 gwamnati ta sa wannan gida a cikin gine-ginen tarihi da doka ta hana a rushe. Mutanen wurin da sunan Babban Gwani suke kiran soron, watau sunan magini ya rinjayi sunan mai gida, abin da ba safai ake gani ba.

Game da rasuwarsa kuwa, abin da ya shahara a bakin mutane shi ne Sarkin Birnin Gwari ya kira shi ya gina masa masallaci, da aka gama sarkin ya ga kyansa sai ya sa aka kashe shi, don kada ya je ya gina wa wani sarki wanda ya fi shi. Malamai masu karatun adabin Larabci za su tuna da ɗan'uwan wannan labari, watau na Sinimmaru, maginin da ya gina wa Nu'umanu sarkin Hira fadar Hawarnaƙ, aka saka masa da jefowa daga kanta, har sakayyarsa ta zama karin magana a wurin Larabawa. Duk al'ummar da ta ga gwanin da ya wuce sa'a takan ba da irin wannan labari, kuma darasinsa ɗaya ne: mai son ya mallaki kyakkyawan abu shi kaɗai yakan kashe tushen da abin ya fito.

Amma sana'ar ba ta mutu da shi ba. Zuriyarsa sun zauna a birnin Zariya, a unguwar da ake kira Babban Gwani da sunansa, suka riƙe gini gado bayan gado, kuma a hannunsu gyaran masallacin ya daɗe. Ga abin lura a nan. Damina 100 da muka ambata, ƙarfin ginshiƙi kaɗai bai isa ya tsallake ta ba. Abin da ya tsallakar da ginin shi ne kowace shekara kafin ruwa ya sauka akwai wanda zai hau rufin ya duba tsaga, ya share indararo, ya sabunta yaɓe. Gwani ya gina sau ɗaya, magada suka yi ta yaɓewa sau ɗari.

Fasali na 6: Zuwan siminti

Turawa suka ci Zariya a shekarar 1902, jirgin ƙasa ya ratsa ta ya isa Kano a 1911. Cinikin auduga da gyaɗa ya buɗe, kuɗi ya shiga hannun attajirai. A zamanin Babban Gwani zane abin cikin masallaci ne da sorayen sarakuna. Yanzu sai ya fito waje, ya hau fuskar zauren ɗan kasuwa, domin mai wucewa ya san Allah ya yi wa mai gidan buɗi. Daga wajen shekarun 1930 zuwa na 1950 aka yi ta yin wannan a Zariya da Kano da sauran birane, har Damagaram a ƙasar Nijar. Aka zana dagi, da takobi, da tambari, sa'an nan aka ƙara da abubuwan zamani, keke da agogo da mota da jirgin sama.

A wannan lokaci ne siminti ya shigo, da fari daga ƙasashen Turai, daga baya aka kafa masana'antarsa a Nkalagu a 1957, ta Kalambaina a Sakkwato kuma ta fara aiki a 1967. Magina suka koyi shafa shi a kan bangon ƙasa, su karce zane a jikinsa da wuƙa ko ƙusa tun bai kama ba, sa'an nan su bi shi da fenti kala-kala. An yi kyawawan gidaje da wannan hanya, ba a musu. Amma zanen ya rasa zurfi, domin yaɓen siminti siriri ne, abin da inuwa ke yi a da sai fenti ya karɓa.

Akwai kuma illar da ta fi wannan, wadda ya kamata duk mai gidan ƙasa ya sani. Ƙasa tana shan danshi tana fitar da shi, tana kumbura da damina tana tsukewa da rani. Makuba da laso suna tafiya tare da ita, siminti kuwa ba ya motsi. Saboda haka ba a daɗewa sai ya rabu da bangon ta ciki, ko da an kafa masa ƙusoshi ko waya. In ya yi 'yar tsaga ruwa ya shiga, ba shi da hanyar fita, sai ya zauna yana cin ƙasar a ɓoye. Mai gida yana ganin fuska lafiya lau, ya daina dubawa, ran nan sai ɓawon simintin ya faɗo gaba ɗaya, a tarar da rami a bayansa. Yaɓen ƙasa in ya gaji yakan nuna, na siminti kuwa yakan rufa asirin cuta har ta yi kisa.

Ana cikin haka kayan laso suka yi wuya, domin atamfa da shuɗin kanti sun rufe yawancin rijiyoyin marina, in ba marina kuwa ba katsi. 'Ya'yan magina suka koma bulo da kwano. Manyan masallatan ƙasa aka riƙa rushe su ana sabuntawa, kamar yadda aka yi wa na Kano a farkon shekarun 1950. Na Zariya, a wancan lokaci Allah ya kiyaye shi daga rushewa gaba ɗaya. A cikin shekarun 1970 aka gina sabon masallaci na kankare wanda ya lulluɓe tsohon ɗakin salla a cikinsa, aka kawar da wasu sassan da ke kewaye. Kafin wannan, wani Bature masanin gini ɗan ƙasar Folan, mai suna Dmochowski, ya riga ya auna ginin ya zana shi a takarda, kuma bisa ga awonsa aka gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Littafinsa mai juzu'i 3 a kan ginin gargajiyar Nijeriya ya fito a 1990, bayan rasuwarsa. Abin kunya ne a gare mu a ce baƙo ne ya fi mu ƙwazon rubuta abin da kakanmu ya yi.

Kada kuma a ce zamanin ginin ƙasa ya wuce. A garin Yama, cikin jihar Tawa ta Nijar, wani magini mai suna Falke Barmu ya fara gina masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, jama'ar gari suna taimakonsa, ya yi ta ƙara masa baka da tulluwa da hasumiya, har aka ba aikin lambar girma ta Aga Khan a 1986. A Janne ta ƙasar Mali kuwa, mutanen gari kan fito kwansu da kwarkwatarsu su yaɓe babban masallacinsu a rana ɗaya. Inda jama'a suka riƙe yaɓe, gini ya riƙe su.

Saboda haka ga kiranmu. Ya kai attajiri, in ka gaji soron ƙasa daga ubanka, kada ka yi gaggawar rufe shi da siminti. Nemi tsohon magini tun yana da rai, ka biya shi hakkinsa cikakke, ka sa yaro ya tsaya kusa da shi ya ga yadda ake jiƙa makuba da yadda ake karkata azara, da tsohuwar zuma ake magani. Ya kai malami mai alƙalami, ka san ilmin da ba a rubuta ba yana bin mai shi kabari. Zauna da maginan unguwarku, ka rubuta sunayen kayan aikinsu da awonsu da yadda suke haɗa su, ko da a warƙa biyu ne, ka ajiye a cikin gafakarka. Sarkin labarin nan da takobi aka ce ya kashe gwani, mu kuwa in muka yi sakaci da mantuwa za mu kashe shi.

Allah ya jiƙan Muhammadu Durugu Babban Gwani, ya saka masa da gida a Aljanna saboda ɗakin da ya gina wa masu salla, ya jiƙan Sarki Abdulkarimu da ya sa aka yi aikin, da dukan waɗanda suka ɗebo ruwa suka taka ƙasa ba a san sunansu ba. Allah ya sa albarka a sana'ar kowane mai sana'a. Amin.